SHARHI: Ciniki Ya Faɗa, Kuɗi Na Cikin Kati

Duk wanda ya saba zagaya rumfunan masu sana'ar hannu a kasuwannin bajekoli na ƙasar nan, a Dandalin Tafawa Ɓalewa da ke Legas ne, ko a Abuja, ko Kaduna, ko Enugu, ya san wani abu da ke faruwa sau da yawa a kowace rana. Mai saye zai tsaya a gaban rumfa, ya ɗauki jakar fata ko hula ko zanen rini, ya jujjuya, ya taya, a yi ta albarka ana ƙarawa har a sallama masa. Sai ya sa hannu a aljihu ya zaro katin banki. Mai kaya ya ce ba shi da na'ura. Mai saye ya ce to bari ya je bakin ƙofa ya ciro kuɗi ya dawo. Tsakanin rumfar da bakin ƙofa kuwa akwai dogon layi, da zafin rana, da kuɗin cira, da wasu rumfuna masu yawa da ke sayar da irin kayan. Galibi ba ya dawowa.

Babban kamfanin da ya kama katafariyar rumfa don tallar hajarsa ba ya fuskantar wannan matsala, domin yana da na'urori, yana da akawu, yana da bankin da ke biye da shi. Waɗanda abin ke ci wa tuwo a ƙwarya su ne mutanen da sana'ar hannu ba ita ce babbar hanyar abincinsu ba. Akwai malamar makarantar da ke ɗinkin hula da dare a Agege, da tsohon ma'aikacin gwamnati da ya koma ga dukancin gidansu bayan ya yi ritaya, da matar auren da ke haɗa turaren wuta da humra a Sabon Ibadan, da ɗalibar da ke shirya duwatsun wuya a lokacin hutu. Irin waɗannan ba su da shago. Suna tara kaya na tsawon watanni, su biya kuɗin rumfa da na mota da na masauki tun kafin su sayar da ko allura, sa'an nan su fito kasuwa na 'yan kwanaki ƙalilan a shekara. In ciniki ya kuɓuce musu a waɗannan kwanaki, sai kuma baɗi.

Abin da ya kamata hukumomi da bankuna da ƙungiyoyin 'yan kasuwa su lura da shi shi ne, an gina tsarin biyan kuɗi da kati a Nijeriya ne bisa la'akari da mutum biyu: mai shagon da ke da adireshi tsayayye, da wakilin bankin da ke zaune ƙarƙashin laima yana ba jama'a kuɗi. Mai sana'ar hannu na lokaci-lokaci bai shiga sahun ko ɗaya daga cikinsu ba. Saboda haka mafita ba za ta samu ta hanyar tilasta wa kowane ɗayansu ya sayi na'ura ba. Kamata ya yi na'urar ta zama wani ɓangare na filin bajekolin kansa, kamar yadda wutar lantarki da tsaro da rumfa suke, kuma masu shirya bajekolin su ɗauki nauyin samar da ita.

Yadda tsabar kuɗi ta bar aljihun mai saye

Mai saye bai daina yawo da tsabar kuɗi don son ransa kawai ba. A watan Janairun 2012, zamanin Malam Sanusi Lamiɗo Sanusi yana gwamnan Babban Bankin Nijeriya, aka fara gwajin shirin rage amfani da tsabar kuɗi a Legas, kuma a watan Yulin 2013 aka faɗaɗa shi zuwa jihohin Abiya da Anambara da Kano da Ogun da Ribas da kuma Abuja. Shekaru goma bayan haka sai ga canjin kuɗi. A ranar 26 ga Oktoban 2022 gwamnan bankin na lokacin, Godwin Emefiele, ya ba da sanarwar sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Kowa ya tuna wahalar da ta biyo baya a watannin Fabrairu da Maris na 2023, lokacin da mutum ke da kuɗi a banki amma ba shi da na sayen burodi, har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin takardu. Takardun sun dawo, amma ɗabi'ar mutane ta riga ta sauya. Wanda ya koyi biya da kati ko da waya a waɗannan watanni bai koma ɗaukar damin kuɗi ba.

Akwai kuma dalili na biyu, wanda ya fi na farko ƙarfi. Takardar naira 1,000 da aka fito da ita a watan Oktoban 2005 ita ce har yanzu mafi girma a ƙasar nan. A shekarar da ta fito, dala ɗaya a farashin gwamnati ba ta kai naira 140 ba. A 2024 ta haura naira 1,500. Ma'ana, wanda zai sayi jakar fata ta naira 40,000 da tsaba sai ya ƙirgo takarda arba'in, in kuma zai haɗa da takalmi da hula da tsarabar yara, sai ya shigo fili da ƙunshin da zai ja hankalin 'yan sane. Bugu da ƙari, a watan Disambar 2024 Babban Banki ya ƙayyade cewa mutum ɗaya ba zai ciri fiye da naira 100,000 a rana ɗaya a hannun wakilan banki ba. Duk mai hankali zai gwammace ya riƙe katinsa. Mai kayan da ya dage sai tsaba, to ya rage wa kansa masu saye ne, kuma waɗanda ya rage su ne masu sayen kaya mai tsada.

Lissafin da ke rikita mutane

Da yawa daga cikin ƙananan masu sana'a suna gudun na'urar POS ne saboda an ce banki na yankar wani abu a kowane ciniki. Gaskiya ne ana yanka, amma ya kamata a duba nawa ne. A jadawalin kuɗaɗen banki da Babban Banki ya fara aiki da shi a Janairun 2020, an sa kuɗin da ake cira daga ɗan kasuwa a kan cinikin kati ya zama rabin kashi ɗaya cikin ɗari, kuma kada ya wuce naira 1,000 komai girman cinikin. Kamfanoni masu ba da na'ura suna da nasu tsare-tsaren, don haka wajibi ne a tambaya kafin a sa hannu a takarda, amma wannan ma'auni ya isa a yi lissafi da shi. A ɗauka an sayar da jaka a kan naira 20,000, ribar da ke ciki kuma naira 5,000 ce. Abin da za a yanka naira 100 ne. Ke nan cinikin jaka ɗaya da ya kuɓuce saboda rashin na'ura ya cinye abin da za a yanka a cinikin jaka hamsin. Wanda ya taɓa biyan la'adar dillali a kara ya san wannan ba abin kuka ba ne, kuma shi ma ladan aiki ne irin na dillalin.

Inda gizo ke saƙar shi ne kuɗin da ba ya canjawa, a yi ciniki ko kada a yi. Na'urar tana da farashi ko kuɗin ajiya. Tana son layin waya da caji da takardar rasit. Mai shagon da ke buɗewa kwana shida a mako yana raba wannan kuɗi a kan dubban ciniki, har ya manta da shi. Wadda ke fitowa kwana goma ko goma sha biyar a shekara kuwa, a kan 'yan cinikin nan nata duk nauyin zai sauka. Ƙari a kan haka, wasu kamfanoni suna sa wa mai na'ura adadin cinikin da ake so ya riƙa yi, in na'urar ta daɗe a ajiye su rufe ta ko su aiko a karɓe. Ba za a ga laifinsu ba, domin su ma da kuɗin waje suka shigo da ita, kuma ba su sami komai daga na'urar da ke cikin adaka ba. Amma sakamakon shi ne, mai sana'ar da ta karɓi na'ura don bajekolin Nuwamba tana iya zaro ta a watan Maris ta tarar ba ta aiki.

Rajista da ɗaure na'ura a wuri ɗaya

A watan Mayun 2024 Hukumar Rajistar Kamfanoni ta Ƙasa, CAC, ta ba masu amfani da na'urar POS wa'adi zuwa 7 ga Yuli su yi rajista da ita, daga baya ta ƙara zuwa 5 ga Satumba. Dalilin da aka bayar mai ƙarfi ne: an sha kama 'yan damfara da masu karɓar kuɗin fansa suna wanke kuɗi ta hannun na'urorin da ba a san takamaiman masu su ba. Babu ɗan kasuwa na gari da zai ƙi a toshe wannan ƙofa. Sai dai rajistar sunan kasuwanci ba abu ne na rana ɗaya ba. Tana da kuɗi, kuma tana jawo wajibcin kai bayani ga hukumar kowace shekara. Abin lura kuma shi ne, ita kanta dokar kamfanoni ta 2020 ba ta tilasta wa mutumin da ke ciniki da ainihin sunansa, ba tare da wani ƙari ba, ya yi rajistar sunan kasuwanci. Malamar da ke sayar da huluna ashirin a shekara da sunan da iyayenta suka raɗa mata ba ta karya doka ba. Amma in tana son na'ura, sai a nemi ta bi hanyar da aka shata domin wakilin da ke juya miliyoyi a mako.

Sai kuma takardar da Babban Banki ya fitar a watan Agustan 2025, wadda ta umarci a ɗaure kowace na'urar biyan kuɗi da wurin da aka yi mata rajista ta hanyar tauraron ɗan Adam, tare da ba da kwana 60 a kammala. Takardar ta ambaci da'irar mita goma daga wurin kasuwancin mai na'ura. Nan ma manufar a fili take: a san inda kowace na'ura take, domin kada a ɗauke ta daga kasuwa a kai ta daji. To amma ko da'irar mita goma ce ko mita ɗari, ba ta amfani badukun da gidansa ke Suleja, bajekolin kuma na Legas. Sana'arsa gaba ɗaya tafiya ce. Na'urar da aka ɗaure da ƙofar gidansa ba za ta yi masa aiki ba a ranar da ya fi bukatarta, wadda aka ɗaure da filin bajekoli kuma ba ta da amfani a sauran kwanakin shekara.

Dabarun da ake yi, da haɗarinsu

Da yake ɗan kasuwa ba ya rasa dabara, masu rumfuna sun samo hanyoyi uku. Ta farko ita ce rubuta lambar asusu a kwali a ce mai saye ya tura. Wannan ita ce mafi sauƙi, kuma tun da aka kafa tsarin tura kuɗi nan take tsakanin bankuna a 2011 ta zama ruwan dare. Illarta ita ce alat na bogi. Mai saye ya nuna fuskar wayarsa da rasit mai kama da na gaskiya, ko saƙo ya shigo wayar mai kaya da sunan banki, alhali ba a tura ko kwabo ba. A rumfar da mutum biyar ke taya kaya lokaci ɗaya, sabis kuma ya yi rauni saboda cunkoso, mai kaya yakan ji nauyin tsare babban mutum ya ce sai ya ga kuɗi. Ranar da ya koma gida ya duba asusu, mai jakar ya daɗe da shiga duniya.

Ta biyu ita ce aron na'urar maƙwabci. Kuɗin ya shiga asusun maƙwabcin, da yamma a zauna a yi lissafi. Wannan hanya ta raba aminai da yawa, domin rasit yakan ɓace, wani cinikin kuma na'ura ta ce bai shiga ba alhali an cire kuɗin mai saye. Ban da haka, in aka yi rashin sa'a katin sata aka yi amfani da shi, mai na'urar ne za a nema, a kan kayan da ba nasa ba. Ta uku ita ce tura mai saye wurin mai POS na bakin ƙofa, wadda aka riga aka ga ƙarshenta.

Akwai kuma matsalar da ta keɓanta da bajekoli ko da mai kaya yana da na'urar kansa. Wani lokaci banki ya cire kuɗi daga asusun mai saye, na'ura kuma ta buga cewa ciniki bai yiwu ba. Ƙa'idar da Babban Banki ya kafa a watan Yunin 2020 ta ce a warware irin wannan taƙaddama cikin sa'o'i 72. A shagon unguwa abin da sauƙi: mai saye ya tafi, bayan kwana uku ya dawo. A bajekoli, kafin kwana ukun su cika an kwashe rumfuna, mai kaya ya nufi arewa, mai saye ya nufi Fatakwal. Babu wanda zai tsaya tsakaninsu.

Aikin maigida

Wannan matsala ta baƙon ɗan kasuwa da ba a san shi a gari ba tsohuwa ce, kuma fataken Hausa sun daɗe da samo maganinta. Falken da ya kawo shanu Sabon Ibadan daga arewa ba ya shiga kasuwa kai tsaye. Yana sauka ne a wurin maigida, wanda zai ba shi masauki da abinci, ya haɗa shi da dillali, ya ajiye masa kuɗi. In an ba mahautan gari shanu bashi, maigida ne ya san wanda ke biya da wanda ba ya biya, shi ne kuma ke tsayawa har kuɗin baƙonsa su fito. Haka aka yi fataucin goro shekara da shekaru. Baƙo yana zuwa yana tafiya, amma maigida yana nan, kuma sunansa shi ne jingina.

Mai shirya bajekoli shi ne maigidan wannan zamani, kuma yana da duk abin da hukuma ke nema wanda ƙaramin mai sana'a ba shi da shi. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da masu masana'antu na Legas da Kaduna da Abuja da Enugu, waɗanda ke shirya manyan bajekolin ƙasar nan, suna da rajista, suna da ofis, suna da fili sananne da ranakun da aka sanar tun watanni kafin lokaci. Suna kuma karɓar suna da kuɗin kowane mai rumfa. Babu abin da zai hana irin wannan ƙungiya ta ƙulla yarjejeniya da banki ko kamfanin biyan kuɗi a kawo na'urori, a ɗaure su da filin na tsawon kwanakin bajekolin, a ba masu ƙananan rumfuna haya ta kwana-kwana. Kowace na'ura a haɗa ta da lambar rumfa da asusun mai rumfar, wanda aka tantance da lambar BVN ko lambar zama ɗan ƙasa. Ranar rufewa a mayar da ita kamar yadda ake mayar da kujera da tebur.

Sharaɗi ɗaya ba za a yi sassauci a kansa ba: kuɗin ciniki ya wuce kai tsaye zuwa asusun mai kaya, kada ya kwana a asusun masu shirya taron. In aka bari ya biya ta hannunsu, za a wayi gari matan da suka zo daga nesa suna safa da marwa a ofis suna neman haƙƙinsu bayan an tashi. Haka nan ya kamata a buɗe teburin sauraron koke a cikin filin, da lambar wayar da za ta ci gaba da aiki aƙalla mako biyu bayan rufewa, domin cinikin da ya maƙale. Kuma tun da na'ura ba ta aiki sai da sabis da wuta, ya zama wajibi masu shirya bajekoli su zauna da kamfanonin waya kafin buɗewa a ƙarfafa sabis a filin, a kuma tanadi wurin caji. Wanda ya karɓi kuɗin rumfa ya sayar da damar yin ciniki ne, kuma a yau ba a cika ciniki sai kuɗi ya shiga.

Wani zai ce bankuna ba za su ga riba a na'urar kwana goma ba. Amsar tana cikin kalandar kasuwannin kanta. Bajekolin Kaduna da na Enugu suna zuwa ne a watannin farko na shekara, na Abuja wajen Satumba zuwa Oktoba, na Legas a Nuwamba, ga kuma ɗimbin ƙananan kasuwannin ƙarshen shekara da na gabanin Sallah da Kirsimeti. Na'urar da ba ta da amfani a hannun mutum ɗaya tana iya yin aiki kusan duk shekara in tana zagayawa daga fili zuwa fili. Bankunan ma dama suna kama rumfuna a waɗannan wurare suna neman masu buɗe asusu. Ga masu buɗe asusun nan a zaune, da kaya a gabansu. Wani kuma zai ce wannan ƙofa ce ga 'yan damfara. Amma na'urar da aka san filinta, aka san ranar da za ta fara da ranar da za ta daina, aka san mai rumfar da ke riƙe da ita, ta fi sauƙin bin sawu a kan ta maƙwabci da ake aro a ɓoye, wadda ita ce abin da ke faruwa idan aka toshe hanyar halal.

Abin da ake bukata daga Babban Banki kaɗan ne: ya fito da ƙa'ida bayyananna ta wurin kasuwanci na wucin gadi, wadda za ta ba banki damar ɗaure na'ura da filin bajekoli na 'yan kwanaki bisa takardar masu shirya shi. Ita kuma hukumar CAC ta bambanta wakilin da sana'arsa ita ce hada-hadar kuɗi da mai sayar da aikin hannunsa da sunansa. Hukumar bunƙasa ƙanana da matsakaitan masana'antu, SMEDAN, da Majalisar Raya Al'adu ta Ƙasa, waɗanda su ma ke tara masu sana'ar hannu a nasu tarurrukan, su ne suka fi cancanta su fara gwada wannan tsari.

Kafin a kai ga haka

Mai sana'ar da zai fita kasuwa a wannan shekara ba zai jira takardar hukuma ba, don haka akwai abubuwan da ke hannunsa. Ya buɗe asusu na dabam domin sana'ar, kada ya haɗa da na albashi ko na cefane, kuma sunan da ke kan asusun ya yi daidai da wanda ke rubuce a rumfa, domin mai saye yakan ja baya in ya ga sunan da bai gane ba. Kada ya saki kaya bisa abin da ya gani a wayar mai saye. Ya buɗe manhajar bankinsa ya ga kuɗin a cikin asusu. In ya ji nauyin faɗa da baki, ya rubuta a kwali ya rataye, ƙa'ida ta zama ta rumfa, babu wanda zai ce da shi ake. In na'ura ta ce ciniki bai yiwu ba, ya ba mai saye rasit ɗin, su yi musayar lambar waya, ya ajiye kayan da sunansa. Kada ya karɓi katin mutum ya juya baya da shi, kada ya nemi a faɗa masa lambar sirri, kada kuma ya mayar da na'urar ciniki ta ba da tsabar kuɗi don wani ya roƙe shi.

Ya kuma sa kuɗin banki cikin farashi tun daga gida, maimakon ya ce wa mai saye ya ƙara naira ɗari bayan an sallama, abin da ke ɓata ciniki fiye da ƙimar kuɗin. Ga ƙananan kasuwanni irin na harabar makaranta ko otal, inda ba a sa ran masu shiryawa su kawo na'ura, akwai lambar NQR da aka ƙaddamar a watan Maris na 2021, wadda takarda ce kawai da mai saye zai haska da wayarsa. Akwai kuma manhajojin da ke mayar da waya na'urar karɓar kati ta hanyar kusanto shi, sai dai ƙa'idar Babban Banki ta Yunin 2023 ta sa iyakar naira 15,000 a ciniki ɗaya da naira 50,000 a rana ga biyan da ba a sa lambar sirri ba, abin da ya haura haka sai an tantance. Wanda kuma ke sa ran baƙi daga ƙasashen waje, kamar yadda ake samu a Legas a watan Disamba, ya tambaya tun da wuri ko na'urarsa na karɓar katin waje, domin ba kowace ke karɓa ba.

Saura tsoron haraji, wanda shi ne ainihin abin da ke sa wasu ƙin duk hanyar da ke barin sawu. Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025 ta ce naira 800,000 na farko a cikin abin da mutum ya samu a shekara ba a biyan haraji a kansu, kuma haraji a kan riba yake, bayan an cire kuɗin fata da zare da mota da rumfa. Wanda ke rubuta abin da ya kashe da abin da ya samu shi ne ke iya kare kansa a gaban jami'in haraji. Wannan rubutu da bayanin asusun banki su ne kuma abin da bankin bayar da rance zai fara nema ranar da mai sana'ar ya yi niyyar sayen keken ɗinki na biyu ko ɗaukar yaro.

Wasu daga cikin manyan shagunan kayan fata da na ɗinki da ake gani a yau daga tebur ɗaya suka fara, a wata kasuwa ta 'yan kwanaki. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da ke shirin bajekolinsu na gaba suna da isasshen lokaci su sa maganar na'urar haya cikin takardar neman rumfa, su kira bankunan da ke ɗaukar nauyin taron su gaya musu adadin da ake bukata. Idan ƙungiya ɗaya ta gwada a shekara ɗaya, ta ƙirga cinikin da aka yi a ɓangaren masu sana'ar hannu ta kwatanta da na bara, sauran za su sami alƙaluman da za su yanke shawara a kai.